Kwana Huɗu a Dubai: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu Daga Zariya

Wasiƙun da suka zo mana daga Zariya a wannan karon kusan duk a kan Dubai suke, kuma yawancin masu tambayar ba zama za su je yi ba, kwana uku ne ko huɗu su dawo. Mun haɗa masu kama da juna wuri guda. Farashin da muka ambata da dirhami yake, domin naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, shi kuwa dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, tun 1997.

TAMBAYA: Ina sayar da abaya da turare, a Kantin Kwari nake saro kaya. Yanzu ina so in je Dubai na kwana huɗu in ga kasuwar da idona. Wani ejan ya ce in ba shi kuɗin biza da na tikiti gaba ɗaya, cikin mako guda zan tashi. In ba shi?
Ɗan kasuwa, Sabon Gari

AMSA: Alhaji, kada ka ba shi a dunƙule. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, a filin jirgi, sai ta fito kafin ya bar gida, kuma babu ejan ɗin da ke da ikon yi maka alkawarin za ta fito. Ƙasar ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo ba sai a Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya koma sauka a Legas ranar 1 ga Oktoba na wannan shekarar. Da aka dawo, an dawo da tsauri, musamman wajen bayanan asusun banki, kuma sharuɗɗan suna sauyawa. Abin da ya yi wa maƙwabcinka aiki bara ba lallai ya yi maka bana ba. Saboda haka ka nemi ejan ya nuna maka sharuɗɗan da ake bi a wannan watan a rubuce, ka duba ko ka cika su, sannan ka biya kuɗin biza kaɗai. Tikiti kuma ko dai a ajiye maka gurbi, ko ka sayi wanda ake iya ɗaga ranarsa. Asarar da aka fi yi ita ce mutum ya sayi tikiti mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗinsa, biza ta ƙi fitowa.

Fasfonka ya kasance da sauran wata shida aƙalla daga ranar da za ka shiga. Ka riƙe tikitin dawowa, da takardar otal, da katin rigakafin shawara. Idan bizar ta fito, kada ka gamsu da hoton da aka turo maka a WhatsApp. Ka shiga shafin GDRFA, wato hukumar shige da fice ta Dubai, ko na ICP na tarayya, ka sa lambar ka ga ko tana nan. Ka bi sunanka harafi bayan harafi, da lambar fasfo da ranar haihuwa. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, kuma a kan wannan kaɗai ana iya hana ka hawa jirgi tun daga Kano.

Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ana cinsa tarar dirhami 50 a kowace rana. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta maka yin aiki ba, ko na yini ɗaya. Saye da kai kaya gida babu laifi.

Batun guzuri: idan tsabar kuɗin da ke jikinka ya haura dala 10,000 ka bayyana wa kwastan na Najeriya, a can kuma ana bayyana abin da ya haura dirhami 60,000. Bayyanawar ba ta sa a ƙwace, ɓoyewar ce ke jawo hakan. Ka yi canjin dala tun a gida, a Wapa ko wurin ɗan canjin da ka sani, ka nemi sababbi masu tsabta, domin naira ba ta da masaya a can.

TAMBAYA: Ni da maigidana muna son zuwa hutu na kwana huɗu. Wane wata ya fi, ina za mu sauka, kuma ta yaya za mu raba kwanakin?
Malamar makaranta, Samaru

AMSA: Malama, daga Nuwamba zuwa Maris shi ne lokacin. Yuni zuwa Satumba zafi yana haura digiri 40, ga laima daga teku, mutum ya fito daga otal gilashin idonsa ya yi hazo nan take, kaya su manne a jiki. Otal yana araha a lokacin, amma arahar da za ku ci a cikin ɗaki ce.

Daga Zariya, Kano ta fi sauƙi. Jiragen Ethiopian, EgyptAir da Qatar Airways suna ɗauka daga Kano ko Abuja su ya da zango a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha. Agogon Dubai yana gaban namu da awa uku, ku lissafa da wannan, domin jirage da yawa tsakar dare suke sauka, otal kuwa ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana. Idan za ku sauka ƙarfe uku na dare, ku kama ɗakin tun daga daren, ku sanar da otal ɗin cewa a makare za ku iso, in ba haka ba za ku kwana a kujera da akwatuna. Ku sani kuma akwai harajin baƙi da ake biya a otal, dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare gwargwadon darajar otal ɗin, kuma wasu suna riƙe kuɗin ajiya har ranar fita.

Abin da baƙo ba ya ganewa sai ya je shi ne Dubai doguwa ce, a miƙe take a gefen teku. Daga Deira, tsohon gari, zuwa Marina ya haura kilomita 30. Wanda ya ce zai yi safe a nan, rana a can, yamma ya dawo, a hanya zai ƙarar da hutunsa. Shawararmu ku sauka a Deira ko Bur Dubai, kusa da tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ku ba kowace rana unguwa guda.

Metro shi ne ƙafarku. An buɗe shi a 2009, ba shi da direba, layi biyu ne, ja da kore. Jan layin yana tsayawa a Terminal 1 da Terminal 3 na filin jirgi, ya bi ta Union da BurJuman inda ake sauya layi, ya miƙe har Marina. Ku sayi katin Nol mai ruwan azurfa, dirhami 25 da 19 a cikinsa, kowa da nasa. Ana ɗora shi a ƙofar shiga, a sake ɗorawa a ƙofar fita, tafiya tana cin dirhami 3 zuwa 7.5. Akwai taragon mata da yara, an ja masa layi a ƙasa, namijin da ya tsaya a ciki tarar dirhami 100 ce, ko da matarsa ya biyo. Haka ci ko sha ko taunar cingam a cikin jirgin. Ranar Lahadi ba ya fara aiki sai ƙarfe takwas na safe. Tasi daga filin jirgi da dirhami 25 mita ke farawa, masu ruwan hoda a rufi mata ne ke tuƙa su, don mata da iyali.

Rana ta farko ku yi ta a tsohon gari: kasuwar zinare da ta kayan ƙamshi a Deira, sannan ku hau abra, kwalekwalen katako mai inji, ku tsallaka mashigin ruwan da ya raba garin zuwa Bur Dubai. Dirhami ɗaya ne, a hannu ake ba matuƙin bayan an tashi. A kan wannan ruwan za ku ga manyan jiragen katako ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa, a nan asalin arzikin garin yake. An samu man fetur a 1966, amma yau kasonsa a tattalin arzikin Dubai kaɗan ne, ciniki da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da sufurin sama da baƙi su ne ke riƙe da ita. Daga nan ku taka zuwa Al Fahidi ku ga tsofaffin gidaje masu hasumiyar kama iska. Rana ta biyu Burj Khalifa, mita 828, da Dubai Mall da ke gindinsa. Ku sayi tikitin hawa na 124 da 125 ta intanet tun kafin ranar, ku guji lokacin faɗuwar rana, ya fi tsada da cunkoso. Daga tashar metro zuwa cikin kantin tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙafa, ku sa takalmi mara tsini. Rana ta uku bakin teku. Ta huɗu ku bar ta don tsaraba da ɗaure kaya. Masallacin Sheikh Zayed da kuke gani a hotuna a Abu Dhabi yake, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, yini guda yake ci. In kuna sonsa sai ku sadaukar da ɗaya daga cikin huɗun.

TAMBAYA: Yarana uku ba su taɓa ganin teku ba, sun matsa sai mun kai su. Ni kuma ina jin bakin tekun nasu tsiraici ne. Akwai inda mace mai hijabi za ta zauna da yaranta hankali kwance?
Uwar gida, Tudun Wada

AMSA: Akwai, Hajiya, amma wurin da kika zaɓa shi ne magana. Bakin tekun JBR da ke Marina na Turawa ne da 'yan yawon buɗe ido, shigar da kike gudu a can take. Al Mamzar, can gefen iyakar Sharjah, kusa da Deira, ya fi dacewa da ke. Lambu ne mai ciyawa da inuwar dabino da banɗakuna da wurin canza kaya, shiga dirhami 5 ne kowane mutum. An saba ware Litinin da Laraba don mata da ƙananan yara, sai dai ki sa ma'aikacin otal ya tabbatar miki kafin ki fita, kuma idan akwai babban yaro namiji a cikin naku ba za a bar shi ya shiga a ranakun ba. Kite Beach da Umm Suqeim kyauta ne, gauraye ne, za ki ga Balarabiya da abayarta a gefen Baturiya, ba mai kallon wani. Daga Umm Suqeim ake ɗaukar hoton otal ɗin Burj Al Arab mai siffar filafilan jirgin ruwa.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Yaron da ya iya wanka a Galma ko Kubanni yana ganin ya iya ruwa, teku kuwa wani abu ne daban. Ki koya musu tutoci tun a otal. Ja, ba a shiga ko kaɗan. Rawaya, a yi hattara, yara su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Shunayya, akwai halittun ruwa masu harbi. Tuta mai ja da rawaya a haɗe ita ke nuna iyakar inda masu ceto suke sa ido, tsakanin tutocin nan kawai za a yi wanka. Bayan faɗuwar rana ba a shiga, sai a 'yan wuraren da aka haska aka keɓe don wankan dare.

Abin da ke cin mutane shi ne ruwan da ke komawa. Igiyar ruwa tana turo ruwa bakin gaɓa, ruwan nan sai ya nemi hanyar komawa, ya tattaru a siririyar hanya ya ja da ƙarfi zuwa ciki. Wurin yakan yi kama da ya fi ko'ina lafawa, babu kumfa, shi ya sa wanda bai sani ba yake zaɓarsa. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar dawowa kai-tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe, wato a jere da gaɓa, har ya fita daga hanyar. Wanda ke tsaye a waje ya kira mai ceto, kada ya faɗa.

Ke kuma kada ki shiga ruwa da abaya ko dogon hijabi. Yadin yana shan ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafa. Ana sayar da kayan wanka na mata masu rufe jiki duka har kai a manyan kantuna. Idan wani abu ya harbi yaro a ruwa, kada a murza wurin, kada a zuba ruwan gora, a wanke da ruwan tekun a kai shi wurin masu ceto. Ku je da sassafe ko bayan la'asar, da silifa saboda yashi yana ƙona tafin ƙafa, da ruwan sha mai yawa. Da an bar yashi a sa kaya cikakku.

TAMBAYA: Mahaifina zai je, yana shan maganin ciwon gwiwa, kuma ba ya rabuwa da goro. 'Yan'uwa sun fara kawo saƙonni a kai wa nasu. Me aka hana shiga da shi?
Ɗalibi, Gyallesu

AMSA: Ɗan'uwa, ka zauna da Baba ku zazzage jakar nan tare. Ka karanta jikin kwalin maganin. Idan akwai tramadol ko codeine a ciki, ko maganin barci irin su diazepam, waɗannan a can ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi suke. Ana shiga da su ne da takardar likita da kuma izinin hukumomin lafiya na ƙasar, wanda ake nema ta intanet kafin tafiya. Wanda aka kama da su babu takarda ba gargaɗi ake yi masa ba, kotu ce. Sauran magunguna, na hawan jini ko sukari, su kasance cikin kwalinsu na asali da takardar likita, gwargwadon kwanakin tafiya. Kada a zuba ƙwayoyi a leda.

Goro ya haƙura da shi na kwana huɗu. Ƙasashen Larabawan yankin ba sa kallonsa yadda muke kallonsa, alhazai sun san yadda ake yi da shi a Saudiyya. Garin magani da saiwoyi marasa suna a jiki su ma a bar su, za su iya sa a tsare mutum har sai an auna a gano mene ne. Laya da guru da makamantansu jami'an kwastan na can kayan sihiri suke ɗaukarsu, kuma doka ta hana shiga da su. Dafaffen abinci na gida yana cikin abin da suke ƙwacewa, don haka kilishi da dambun nama ba su da tabbas.

Saƙo kuwa, duk wanda ba a buɗe a gabansa ya ga abin da ke ciki ba, kada ya karɓa, ko na wane ne. A filin jirgi ya ƙirga jakunkunansa, ya duba 'yan takardun da aka manna masa a tikiti su yi daidai da adadinsu. An sha liƙa sunan matafiyi a jakar da bai san da ita ba.

TAMBAYA: Zan sayo sarƙa da 'yan kunne na lefe. Ta yaya zan gane ba a cuce ni ba?
Mai shirin aurar da ɗa, Kwarbai

AMSA: Hajiya, kuɗin zinare kashi uku ne, ki sa a rubuta miki kowanne daban. Na farko farashin giram na ranar, ana nuna shi a allunan lantarki a kasuwar, ba a cinikinsa. Na biyu kuɗin ƙira, a nan ake ciniki, kuma a nan shaguna suka bambanta. Na uku harajin VAT, kashi 5 cikin ɗari. A matsayin misali kawai: in giram ɗin karat 21 dirhami 400 ne, sarƙar giram 20, kin ga 8,000. In ƙira 30 ce a kowane giram, 600 kenan. Haraji 430. Jimla 9,030. Mai shagon da ya ba ki farashi a dunƙule ya ƙi rarrabewa, ki fita ki shiga na gaba.

Ki duba hatimin da ke jikin maƙullin sarƙar: 916 karat 22 ne, 875 karat 21, 750 karat 18. A auna a gabanki. Ki kula da mai duwatsu, domin ana auna miki su a farashin zinare, ranar da za a sayar kuma a cire nauyinsu. Don lefe da zai zama kadara, mara dutse ya fi. Masu tare mutum a lungu suna cewa a biyo su sama akwai araha, kada ki bi. Ki sauka a tashar Al Ras ko Gold Souq a koren layi.

Ana mayar wa baƙo mafi yawan harajin idan sayayyar ta kai dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin Planet, kamfanin da ke mayar da harajin. Ki ba da fasfo a shagon, a filin jirgi kuma ki tabbatar da shi kafin ki ba da kaya awo, don suna iya cewa a nuna. Zinaren ya zauna a jakar hannu da rasit ɗinsa. Abaya tana kasuwar Naif, kusa da tashar Baniyas Square. Turaren oud da tola ake sayar da shi, wajen giram 11.7, ki shafa a hannu ki zaga na rabin awa kafin ki biya, gaurayayye da wuri yake gudu. Kwalbar da ta wuce mil 100 ba ta shiga jakar hannu.

TAMBAYA: Ba na jin Larabci sosai. Yaya batun magana, abinci da salla?
Malami, Kongo

AMSA: Malam, kusan tara cikin goma na mazauna garin baƙi ne: 'yan Indiya, Pakistan, Bangladesh, Filifin, Masar da Afirka. Turanci ake ciniki da shi, a Deira kuma za ka ji Hausa a shaguna da wuraren masu kago. Nama na halal ne, naman alade a keɓaɓɓen sashe yake da rubutu a ƙofa. Biryani, mandi, shawarma da shayin karak suna ko'ina da araha a Deira. Kowane babban kanti yana da wurin salla na maza da na mata. Hutun mako Asabar da Lahadi ne tun 2022, Juma'a rabin yini ake aiki a ma'aikatun gwamnati, ka tambayi lokacin huɗuba a otal ka je da wuri.

TAMBAYA: Ina ɗora bidiyo a TikTok, ina son in ɗauko abubuwa da yawa. Akwai matsala?
Matashiya, Hanwa

AMSA: Gini da teku da abinci ki ɗauka son ranki. Mutane ne matsalar. Ɗaukar hoton mutum ko ɗora shi a intanet ba da izininsa ba laifi ne a dokar ƙasar, da tara mai nauyi, har da ɗauri. Wannan ya fi tsanani a bakin teku da kan mata da yara. Haka hatsarin mota, 'yan sanda, da gine-ginen gwamnati. Zagi, ko a saƙon waya, da nuna wa mutum daƙuwa suna kai mutum ofishin 'yan sanda. Tsallaka titi a inda ba a ware ba tararsa daga dirhami 400 take farawa.

Kiran murya da na bidiyo a WhatsApp ba ya tafiya a layukan can, rubutu da saƙon murya suna tafiya. Ki sauke manhajar kira ta Botim, ki sa mutanen gida su sauke tun kafin ki tashi. Layin du ko Etisalat na baƙi ana samunsa a filin jirgi da fasfo. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarki za ta shiga. Ki ajiye lambobin nan: 999 'yan sanda, 998 motar asibiti, 997 kashe gobara. Ranar dawowa ki isa filin jirgi awa uku kafin tashi, ki auna akwatunanki tun a otal, yawancin jiragen hanyarmu jaka biyu suke ba da izini, kowace kilo 23.